Ɗaure keken guragu a cikin mota, da kayan da suka cancanci a ƙara masa

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu da keken guragu yake zirga-zirga. Mun samu ƙaramar bas, muka cire kujerun tsakiya, muna shigar da shi yana zaune a kekensa. Mukan juya shi ya fuskanci ƙofar gefe, mu danna birkin keken, mu ɗaura masa bel ɗin da ya zo da keken, sannan ƙanena ya zauna kusa ya riƙe. Shin hakan ya wadatar? Kuma waɗanne kaya ne ya kamata mu saya mu ƙara wa keken?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi. Auna wa mutane keke da koya wa iyalansu yadda za su yi tafiya da su shi ne aikina, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba: hakan bai wadatar ba. Abubuwa ukun da kuka dogara da su, wato birki da bel ɗin keke da hannun ƙanenki, babu ko ɗaya da aka yi domin wannan aikin. Juya shi gefe kuwa shi ne zama mafi haɗari a cikin mota. Aikin kashi biyu ne, kowanne da kayansa. Za a ɗaure keken da jikin motar, sannan a ɗaure mutumin da bel ɗin da aka yi domin haɗari. Iyalai da yawa ɗaya suke yi su bar ɗaya.

Bari in fara da dalili. Gwajin da ake yi wa kekuna da maɗauransu shi ne a ɗora su a kan wani dandamali mai gudun kilomita 48 a awa, a tsayar da shi farat ɗaya, yadda ƙarfin da ke fizgar komai gaba zai kai ninki 20 na nauyinsa. A wurin direba kilomita 48 ba gudu ba ne, tafiyar cikin gari ce. Amma tsayawa nan take daga wannan gudun daidai take da faɗowa daga tsayin mita 9, kusan bene mai hawa uku. Idan Baba kilo 70 ne, a wannan ƙiftawar idon zai koma kamar kilo 1,400. Keke mai kilo 20 zai koma kamar 400. Babu hannun da zai riƙe wannan, komai ƙarfin mai shi. Birki kuma taya kawai yake hana juyawa. Ba ya hana ta zamewa a kan daɓen mota, ba ya hana keken kifewa. Kada ma ki ɗauka sai an yi karo. Raunuka da yawa da masu keke ke samu a mota ba a haɗari suke samunsu ba, a taka birki ne da ƙarfi, ko shan kwana, ko faɗawa rami: keken ya karkace, mutum ya zame ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye.

Kafin a sayi komai, ga tambayar da nake fara yi wa kowa: Baba zai iya komawa kujerar motar? Idan zai iya, ko da taimakon mutum ɗaya, to wannan ita ce hanya mafi aminci, kuma ba ta buƙatar a huda daɓen mota. Kujerar mota a ɗaure take da gangar jikin motar tun daga masana'anta, tana da majinginar kai, kuma bel ɗinta mai maɗaura uku tun 1959 da Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo ake ta gwada shi ana inganta shi. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa suna iya wannan sauyin wurin idan an koya musu. A ajiye keken dab da kujerar, a danna birki, a ɗaga matakan ƙafa, ya juya ta ɓangarensa mai lafiya. Akwai allo mai santsi da ake shimfiɗawa tsakanin keke da kujera mutum ya zame a kansa, yana rage wahala sosai. Abu ɗaya: kada a taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, domin tsokar kafaɗar ba ta da ƙarfin da za ta riƙe ta, tana iya gocewa. Bayan ya zauna sai a naɗe keken a sa a but, ko a ɗaure shi tamau a baya, domin keken da ba kowa a kai ma abin jifa ne idan an yi karo.

Idan kuwa ba ya iya zama a miƙe sai da tallafin kekensa, ko ɗaga shi yana jawo masa ciwo, ko yana neman karya bayan masu ɗaga shi, to zai yi tafiya a kekensa, kuma daga nan keken ya zama kujerar mota. Sai a duba ko ya cancanci wannan matsayin. Ki nemi takardar da aka manna a jikin ƙarfensa, ko littafin da ya zo da shi. Idan kin ga ISO 7176-19, wato lambar ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ko WC19 wadda ita ce ƙa'idar Amurka, an yi wa irin wannan keken gwajin da na ambata kuma ya tsallake. Irin waɗannan kekunan suna da wurare huɗu da aka tanada domin maɗauri, biyu gaba biyu baya, kowanne da ɗan hoton ƙugiya a kusa da shi. Nan za a maƙala, ba wani wuri ba.

Kekuna masu naɗewa da yawa, musamman masu arha irin na tura majinyaci, ba a yi musu wannan gwajin ba. Ban ce a jefar da su ba, amma ki san cewa matakin kariyarsu bai kai ba, kuma idan lokacin sauya keke ya yi, ku nemi mai wannan shaidar. Kafin nan, ɗaure keken da ba a gwada ba ya fi barin sa sake nesa ba kusa ba. A nemi mahaɗar ƙarfe da aka yi wa walda a ainihin gangar jikin keken, kusa da tsayin mazauni, ba can ƙasa ba. Duk abin da ke cirewa ko lanƙwashewa ko juyawa ba wurin ɗauri ba ne: taya, wayoyin taya, matakin ƙafa, madogarar hannu, da ƙarafan nan biyu da suka gitta juna a ƙarƙashin mazauni. Na sha ganin an rataya ƙugiya a matakin ƙafa saboda shi ne mafi kusa da hannu, alhali da yatsa ɗaya ake zare shi. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, da ɗan babur ɗin lantarki na tsofaffi mai sitiyari a gaba, su kam kada a zauna a kansu mota na tafiya. Ginshiƙin da ke gabansu ƙirji zai daka.

Fuska kuma gaba za ta kalla, inda motar ta nufa. Mafi yawan munanan haɗurra ta gaba suke zuwa. Keken da ke fuskantar gefe, ƙarfin karon ta haƙarƙarinsa zai shige shi, inda ya fi rauni: manyan tayoyin su lanƙwashe, mai naɗewa ya nemi naɗewa da mutum a ciki, jikin mutumin ya karye a kan madogarar hannu, bel kuma ba zai tare shi ba domin ba ta wannan fuskar aka tsara shi ba. Wataƙila kin ga manyan bas-bas na birane a Turai ko Kanada inda mai keke ke juya wa direba baya, ya jingina da wani allo mai laushi ba tare da ɗauri ba. Wannan tsari ne na manyan motoci masu nauyi da ke tafiya a hankali da fasinjoji a tsaye. Bai shafi ƙaramar bas ba.

Maɗauran keken huɗu ne, kuma su zama waɗanda aka yi domin wannan aikin, masu shaidar ISO 10542 ko WC18. Kamfanoni irin su Q'Straint da AMF-Bruns suna yin su. Igiya, roba, ko majanyin ɗaure kaya ba za su maye gurbinsu ba. A daidaita keken a tsakiyar wurin, a danna birki. Na gaba biyu a maƙala su a daɓe ɗan faɗi fiye da keken, yadda za su ɗan buɗe waje, su ne ke hana shi rangaji. Kusurwarsu da daɓe tsakanin digiri 40 zuwa 60. Na baya biyu su miƙe sak daga keken zuwa daɓe a bayansa, a kusurwar digiri 30 zuwa 45. Su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin idan an yi karo ta gaba, don haka kada su yi tsaye da yawa, kada kuma su kwanta. Kada maɗauri ya murɗe, kada ya gitta ɗan'uwansa, kada ya ratsa ta cikin taya ko ya lanƙwasa a kan wani ƙarfe kafin ya kai daɓe. A ɗaure duka huɗun, sannan ki kama hannayen turawa ki jijjiga keken gaba da baya da gefe da ƙarfinki. Dokar motocin haya a Amurka ta ce kada keke ya motsa fiye da inci 2, wato kimanin santimita 5, ta kowace fuska. Ni nakan so ya yi ƙasa da haka. Idan birkin keken ne ke ɓoye sakin maɗauri, a saki birkin, a ƙara ɗaure maɗauran, sannan a mayar da birkin.

A nan ne zan ja hankalinki sosai, domin nan ne motocin da aka gyara a gida suka fi gazawa: wurin da maɗaurin ya kama daɓe. Maɗauri mai kyau da aka rataya a zoben da aka ɗaure da ƙaramin noti a falle ɗaya na ƙarfen daɓe, sunansa babu. Daɓen mota siriri ne, nauyin tan ɗaya zai yage shi notin ya fice. Abin da ake yi shi ne a kafa dogon layin ƙarfe mai ramuka ko zobba na musamman, a huda daɓen, a sa notuna masu ƙarfi irin waɗanda kamfanin ya ƙayyade, sannan a ƙarƙashin motar a sa faranti mai kauri da zai raba nauyin a fili mai faɗi. Ki sa a ɗaga motar ki leƙa da idonki. Idan kin ga noti tsirara ba faranti, ko tsatsa ta ci wurin, ko an kafa shi a katakon da aka shimfiɗa a kan daɓe kawai, aikin bai yi ba. Mai aikin kuma ya san inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi kafin ya sa abin huji. Kada a ɗaura maɗauri a ƙafar wata kujera ko a hannun ƙofa.

An gama da keke, saura Baba. Bel ɗin da ya zo da keken na gyara zama ne, aikinsa hana mutum zamewa yana zaune a gida. Sau da yawa maƙullinsa roba ne ko Velcro, wato mannen nan da ake ɓarewa da hannu, kuma da ƙananan sukurori aka kafa shi. A karo zai tsinke, ko kuma ya hau ciki ya yi ɓarna. A bar shi a ɗaure idan yana taimaka masa zama, amma a ɗora bel ɗin haɗari a kansa, mai zagaye ƙugu da mai gitta kafaɗa, duka biyun.

Na ƙugu ya kwanta ƙasa sosai, a kan ƙashin ƙugu, yana taɓa saman cinyoyi. Ƙashi ne ke iya ɗaukar wannan nauyin. Idan ya hau kan tumbi, hanji da hanta da saifa ne za su ɗauka. Daga ƙugu ya gangara baya zuwa daɓe a kusurwar digiri 45 zuwa 75. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗora bel ɗin ta saman madogaran hannu. An taɓa kawo mini wani dattijo a haka, iyalinsa sun tabbata sun ɗaure shi da kyau. Na zura hannuna tsakanin bel ɗin da cikinsa, ya shige har gwiwar hannu. Madogaran ne aka ɗaure, shi kuwa a sake yake, kuma da an taka birki da ƙarfi zai zame ta ƙarƙashi bel ɗin ya tare shi a ciki ko a wuya. Hanyar daidai ita ce a zura bel ɗin ta ratar da ke tsakanin madogarar hannu da majingina, ko a ɗaga madogarar a shimfiɗa shi a jiki sannan a mayar da ita. Haka kada ya bi ta kan taya ko ya zagaye ta ta waje. Ya taɓa jiki tun daga wannan ƙugu har wancan.

Na kafaɗa ya fito daga bangon motar, daga sama da kafaɗa kuma ɗan baya da ita, ya bi ta tsakiyar ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, ya ratsa tsakiyar ƙirji, ya haɗu da na ƙugu a gefen ƙugu. Kada ya goga wuya, kada ya zame daga kafaɗa, kada a sa shi a ƙarƙashin hammata ko a bayan mutum don wai yana takura. Idan yana takura, tsayin maƙalinsa ne bai daidaita ba, shi za a gyara. Maƙullin kuma kada ya jingina da ƙarfen keken, domin ƙarfen zai iya danna maɓallin ya buɗe. Idan Baba yana da robar fitsari ko ta abinci, a tabbata bel bai danne ta ba. Kaya masu kauri da bargo a ɗora su bayan an ɗaura bel.

Majinginar keken kada ta kwanta baya fiye da digiri 30 daga tsaye, in ba haka ba bel ɗin kafaɗa zai bar ƙirji, mutum ya zame ta ƙasa. Majinginar kai tana da amfani idan aka daki motar ta baya, kuma ga mai shanyewar jiki tana hana wuya gajiya. A sa ta dab da ƙeya, tsakiyarta daidai kunnuwa. A bar fili a gabansa: santimita 65 daga goshinsa idan yana da bel biyun, 95 idan na ƙugu ne kawai, wanda ba na ba da shawararsa. Duk ƙarfen da ke kusa da kansa a naɗe shi da soso mai tauri.

Ƙanenki ya koma kujera ya ɗaura nasa bel ɗin. Mutumin da ba a ɗaure ba shi kansa nauyi ne da zai faɗa wa Baba. Haka tiren cin abinci da ke maƙale a keke, a cire shi domin gefensa ciki yake nufa. Sanda, tukunyar iskar numfashi, kwalba, jaka, kowanne a ɗaure shi a wani wuri daban.

Idan nan gaba kuka koma keken lantarki, a kashe shi kafin a tashi, a bar injinsa a kulle ba a sake ba. Ana gwada maɗauri da keke mai kilo 85, kekunan lantarki da yawa kuma sun fi haka, don haka a duba iyakar nauyin da aka rubuta. Wani lokaci sai an sa huɗu a baya maimakon biyu. Akwai kuma wata na'ura da ake kafawa a daɓe, keken ya hau kanta ta kulle shi da kanta, irin su EZ Lock da Dahl. Ta fi dacewa da masu tuƙa mota da kansu, kuma sai an sa wa keken ƙarfen da ya dace da ita. Yaro ƙarami kuwa, muddin zai iya zama a kujerar mota ta yara, can ne wurinsa.

Shiga da fita ma wurin faɗuwa ne. Idan ɗaga shi kuke yi, ku kama gangar jikin keken, kada ku kama madogarar hannu ko matakin ƙafa. Gara ku samu gadar hawa mai naɗewa, mai gefuna da ke hana taya zamewa. Ma'aunin da mai keke zai hau shi kaɗai shi ne ɗaya bisa 12, wato kowane santimita 10 na tsayi yana buƙatar 120 na tsawo. Gadar mota ba ta kai wannan tsawon, ta fi tsayuwa, saboda haka dole mai taimako ya kasance a ɓangaren ƙasa kullum: a hau da gaba yana turawa, a sauko da baya yana tarewa. A kula da kansa a bakin ƙofa. Maɗauran kuma a riƙa duba su. Wanda zarensa ya fara tsittsinkewa, ko ƙugiyarsa ta buɗe, ko ya daina kamawa, a sauya shi. Ramukan layin daɓe suna cika da yashi har ƙugiya ta ƙi zama, a riƙa share su. Duk maɗaurin da aka yi haɗari da shi ya gama aiki ko da ido bai ga komai ba. A ajiye 'yar wuƙar yanke bel inda direba zai kai hannu.

Batun kayan ƙari kuwa, kasuwa cike take da su, amma ɗaya ne nake cewa dole: kushin mai kare fata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororin da ta fitar a 2008 kan samar da kekuna, ta ɗauki kushin a matsayin ɓangare na keken kansa. Mai lafiya yana gyara zama ba tare da ya sani ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya yi, wani ma ba ya jin zafin da zai sa ya yi. Nauyinsa sai ya taru a kan ƙasusuwa biyun da ake zama a kansu, jini ya daina isa fata, nama ya fara mutuwa daga ciki. Gyambon da ya samu a 'yan awoyi yakan ɗauki watanni bai warke ba, kuma yana iya kai mutum ga halaka idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Akwai na soso mai tauri da aka sassaƙa daidai mazaunai, akwai na jel, akwai na iska irin su ROHO. Na iska ya fi raba nauyi, amma yana son kulawa, kuma ga wanda zamansa ke karkata gefe ɗaya, na soso da aka sassaƙa yakan fi riƙe shi. Gwajinsa da hannu ne: yana zaune ki zura tafin hannunki ƙarƙashin kushin ɗin ko tsakaninsa da jikinsa, daidai ƙashin zama. Ya kamata ki ji saura kamar kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu kafin ƙashin ya kai ƙasa. Idan ƙashin ya danne yatsunki da mazauni, kushin ɗin ya mutu. Matashin kai ba kushin ba ne, mai rami a tsakiya kamar zobe kuma ku guje shi, yana datse jini a kewayen wurin. A maƙale kushin ɗin da mazauni don kada ya zame a mota.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki musamman, akwai ƙananan abubuwa masu babban amfani. Ƙarin tsawon hannun birki a ɓangaren da ya shanye, domin ya miƙa hannunsa mai lafiya ya danna da kansa. Birkin da aka manta a wannan ɓangaren shi ne sanadin faɗuwa da yawa lokacin tashi. Sai madogarar hannu mai kwari da hannun da ya shanye zai kwanta a ciki, ta hana kafaɗa saki, ta hana yatsu lilo su shiga taya. Faifan rufe wayoyin taya ma yana kare yatsun. Sai maɗaurin bayan ƙafa ko na dunduniya, domin ƙafar da ba ta ji tana iya zamewa daga mataki ta ja ƙasa ko ƙaramar taya ta take ta, shi bai sani ba. Idan yana tura kansa da ƙafa da hannu masu lafiya, a sauke tsayin mazaunin yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai.

Ƙananan tayoyin baya masu hana kifewa suna da muhimmanci, musamman a kan gada. Ana juya su sama idan za a hau dakali, amma a tuna a mayar. Jaka ta fi kyau a ƙarƙashin mazauni. Wadda aka rataya a baya, idan ta yi nauyi, tana jan keken ya kife ta baya. Safar hannu ga mai tura kansa, famfo idan tayar ta iska ce domin taya mara iska tana kashe birki, 'yan sifanu na ɗaure noti, abin ƙyalli ko fitila saboda dare, rigar ruwa da ba za ta shiga taya ba: duk waɗannan suna da amfani kuma ba su da rikici. Mariƙin kofi da na waya da na lema ba laifi, amma duk wanda yake ƙarfe ne kuma yana gaban jikinsa, a cire shi kafin a shiga mota. Kada kuma a huda ko a yi walda a gangar jikin keken don a ƙara masa wani abu, hakan yana raunana shi kuma yana soke shaidar gwajinsa.

Wanda aka ɗaure da bel a mota ba ya iya gyara zama kamar yadda yake yi a gida, inda ake so ya sauke nauyi daga mazaunansa duk minti 15 zuwa 30 ta hanyar sunkuyawa gaba ko karkata gefe na minti ɗaya zuwa biyu. Don haka a doguwar tafiya ku riƙa tsayawa akai-akai, a kwance bel ɗin kafaɗa, a taimaka masa ya sunkuya, a sake jijjiga keken a ga ko maɗauri ya saki. Idan kun isa, a duba fatar mazaunai da gindin baya da dunduniya. A fata mai duhu ba lallai ki ga ja ba. Ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri. Idan bai koma daidai ba bayan rabin awa da sauka daga kansa, kada ya sake zama a kan wurin sai ma'aikacin lafiya ya gani.